Karen ɗebe wa majinyata kewa: me za a saya, me za a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani gidan kula da tsofaffi a jihar Maryland ta Amurka. Duk mako masu aikin sa kai suna kawo karnuka su zaga ɗakuna. Akwai tsohuwar da ke wuni ba ta ce uffan ba, amma da kare ya ɗora haɓarsa a cinyarta sai ta shiga ba shi labarin ƙuruciyarta. Muna da karya a gida, shekararta 2, wata 4 ke nan da muka ɗauko ta daga gidan ajiye dabbobi, kuma ina so ta shiga wannan aiki. Na ga wani shafi a intanet yana sayar da takardar shaida da riga da kati, a biya yau a aiko gobe. Ga kuma ajin horo kusa da mu, ya fi tsada, kuma sai na riƙa zuwa duk mako. Wanne zan zaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki ba shafin nan ko sisi. Wanda bai taɓa ganin karyarki ba, bai taɓa shafa kanta ba, ta ina zai shaida halinta? Gwamnatin Amurka ma ba ta san da irin takardun nan ba. Dokar kare haƙƙin masu naƙasa ta 1990 ta ba kare damar shiga kanti da gidan abinci ne idan an horar da shi ya yi wa mai naƙasa wani aiki takamaimai, kamar yi wa makaho jagora. Karen ziyara ba ya cikin wannan sahu, inda aka gayyace shi kawai yake shiga. Su kuma asibitoci da gidajen tsofaffi abin da suka saba tambaya shi ne: wace ƙungiya ce ta jarraba ku, kuma akwai inshora idan kare ya yagi wani ko ya kayar da shi? Riga ba ta amsa wannan tambaya.

Ƙungiyoyin da aka sani sun daɗe a aikin. Wata ma'aikaciyar jinya kamarki, Elaine Smith, ita ce ta kafa Therapy Dogs International a New Jersey a 1976. Akwai Pet Partners, wadda ta fara a 1977 da sunan Delta Foundation, daga baya ta koma Delta Society, akwai kuma Alliance of Therapy Dogs mai mazauni a Wyoming. Kafin ki biya kowa, tambayi mai kula da masu aikin sa kai a wurin aikinki wace suke karɓa. Wannan tambaya guda za ta hana ki asarar kuɗin rajista.

Pet Partners tana so kare ya cika shekara 1, kuma ya yi aƙalla wata 6 a hannun mai shi, saboda haka da sauranki wata 2. Ina ganin wannan jira alheri ne a gare ki. Karen da aka ɗauko daga gidan ajiya yakan yi lamo a farkon zuwansa, sai ya saki jiki sannan ainihin halinsa ya fito.

A cikin watannin nan ki shiga ajin. Ki tabbata dai ana shirya karnuka ne don jarrabawar Canine Good Citizen, wadda ƙungiyar masu karnuka ta Amurka, American Kennel Club (AKC), ta soma a 1989. Ba ita ce takardar aikin ziyara ba, amma ita ce tushe. Abubuwa 10 ake dubawa. Baƙo zai zo ya gaisa da ke, karyar ba za ta yi masa tsalle ba. Za a shafa ta, a taje ta, a leƙa kunnuwanta, a ɗaga ƙafafunta na gaba. Za ku ratsa cikin mutane igiya a sake. Za ta zauna, ta kwanta, ta tsaya a wurinta har ki yi nisan ƙafa 20 ki dawo, sannan ki kira ta daga ƙafa 10 ta zo. Za ku haɗu da wani kare, za a yar da wani abu mai ƙara. A ƙarshe za ki miƙa igiyarta ga wani ki ɓace mata da gani na minti 3. Ba a ba kare abin tauna yayin jarrabawar, don haka tun a gida ki fara rage lada sannu a hankali.

Zama da kwanciya kowane kare na iya koya. Inda ake tankaɗe da rairaya shi ne a jarrabawar ƙungiyar kanta, inda ake kwaikwayon ɗakin majinyaci. A ta Pet Partners, wani zai shafa karyar da hannu mai nauyi kamar na wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki. Wani zai rungume ta ya ƙanƙame. Wani zai nufo ta yana tangaɗi yana wurgi da hannuwa, wasu su ɓarke da ihun faɗa a gefe, a bangaje ta ta baya ba zato, sannan mutane su taru a kanta lokaci guda. Ke da kike aiki da masu ciwon mantuwa kin fi ni sanin cewa babu ƙari a cikin wannan.

Ki aro keken marasa lafiya da sandar dogarawa ki ajiye su a falo. Ranar farko kada ki motsa su, ki bar ta ta shinshina, ki watsa 'yan gutsattsarin abinci kewaye da tayoyin. Bayan kwana biyu wani ya tura keken daga nesa, ke kuma kina yaba mata. Idan ta ja da baya, kun yi sauri, ku koma mataki na baya. Ki kai ta ta taka tayil mai santsi, ta hau lif, ta ga mai gemu da mai hula da mai hijabi da mai takunkumi a fuska. Umarnin da na fi so ki dage a kai shi ne "bar shi". Ƙwayar magani kan faɗo ƙarƙashin gado, kuma wasu magungunan mutane, irin su ibuprofen, guba ne ga kare.

Ke ma ana jarraba ki. Pet Partners sai kin yi kwas na masu riƙe da kare, kuma ana sake jarrabawa duk shekara 2. Alliance kuwa bayan gwaji sai an bi ku ziyara sau 3 ana kallo, biyu daga ciki a wurin jinya. Abin da mai jarrabawa ke nema a gare ki shi ne ko idonki yana kan karyarki. Idan tana lasar leɓe ba abinci, tana hamma ba barci, tana kau da kai har farin idonta ya fito, ko ta cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, cewa take yi ta gaji, a fitar da ita. Akwai karen da ke jure baƙi, akwai wanda ke marmarinsu, kuma na biyun ne kaɗai ya dace da aikin nan. Hali zanen dutse ne. Idan bayan duk horon kin ga haƙuri kawai take yi don ta faranta miki, ki bar ta ta zama karyar gida, ba ta gaza a komai ba.

Abu guda da kwas ba lallai ya faɗa miki ba: a cikin tsofaffin akwai Musulmi, kuma fahimta ta bambanta. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sha a ciki sau 7, amma a wurin Shafi'iyya da Hanbaliyya yawunsa najasa ne. Wani kuma tsoro ne kawai tun yarinta. Ki tsaya a bakin ƙofa ki yi sallama ki tambaya, kuma kada ki bar ta kusa da dardumar sallar kowa.

Tambaya: Ina zaune a Houston. Karena yana jan igiya sosai, wani abokina ya ce in sayi abin wuya mai ƙayoyin ƙarfe ko mai lantarki kafin jarrabawa. Sannan ɗanyen nama nake ba shi. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, Malam, har biyu. Pet Partners ba ta yarda a shigo jarrabawa da abin wuya mai ƙaya, ko mai shaƙewa, ko mai lantarki ba, haka ma igiya mai naɗe kanta. Ko da an yarda ma ba zan ba ka shawarar su ba, domin karen da ya ji zafi a wuya duk lokacin da ya zabura wajen baƙo yana iya ɗora laifin zafin a kan baƙon. Ka sayi abin wuya na yau da kullum ko ɗamarar ƙirji, da igiyar fata ko ta zare. Alliance tana so igiyar kada ta wuce ƙafa 4, don haka ka san ƙungiyarka kafin ka je kanti. Maganin ja kuwa kyauta ne: igiya na miƙewa ka tsaya cak, tana sakewa ka ci gaba.

Ɗanyen nama kuma Pet Partners ba ta rajistar karen da ke cin sa, saboda yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela ba tare da shi ya nuna alamar ciwo ba, ga shi za a kai shi gaban masu raunin garkuwar jiki. Ka nemi likitan dabbobi ya tsara maka sauya abincin a hankali, kada cikinsa ya ɓaci.

Tambaya: Daga Kaduna nake. Ina da babban karen gadi, da 'ya'yana yake wasa lafiya lau. Zan iya kai shi gidan marayu yara su yi wasa da shi?

Amsa: Alhaji, Allah ya saka maka da kyakkyawar niyya, amma kada ka kai shi. Wasansa da 'ya'yanka shaida ce cewa ya san na gida, aikin da ka ɗora masa kuwa shi ne zargin duk wanda ba na gida ba. Pet Partners ba ta karɓar karen da aka koya wa kai hari don tsaro, komai ladabinsa. Yara kuma ba sa zuwa ɗaya bayan ɗaya, a guje suke zuwa da ihu, wani ya ja kunne wani ya ja wutsiya. Idan da gaske kana son abin, ka fara da ɗan kwikwiyo daban wanda ba zai taɓa yin gadi ba. Tsakanin mako 3 zuwa 14 na rayuwarsa ne ya fi saurin sabawa da mutane iri-iri. Ka yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare da maganin tsutsar ciki, ka adana katin likita, sannan idan ya cika shekara ka nemi izinin shugabannin gidan kafin ka tafi da shi.