EMSA ko ChIP, wanne zan fara da shi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kina zargin wani furotin yana kama DNA a daidai wurin da ake kunna wata ƙwayar gado, kuma kuɗin bincikenki ba zai ɗauki EMSA da ChIP duka ba. Na yi su duka biyun, kowanne kuma ya gasa mini aya a hannu.

Ki fara sanin cewa ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. EMSA zai gaya miki ko furotin ɗin yana iya kama wannan DNA a cikin kwalbar gwaji. Tsohuwar hanya ce, tun 1981 ake yin ta. Ki haɗa furotin da guntun DNA mai alama, ki zuba a jel ɗin polyacrylamide marar SDS (sinadarin da ke warware furotin). Wanda furotin ya riƙe sai ya yi nauyi ya maƙale a sama, wanda ba a riƙe ba ya gangara ƙasa. Sai dai ganin layin DNA ya ɗaga sama a jel bai isa hujja ba, don akwai furotin da duk DNA da ya gani sai ya lafe masa. Shi ya sa ake zuba poly(dI-dC), wani DNA na roba da ake haɗawa a ɗakin gwaji, ya ɗauke hankalin irin waɗannan. Sannan ki ƙara DNA iri ɗaya marar alama kamar ninki 100: layin ya ɓace. A wani gwajin kuma ki ƙara marar alama wanda kika sauya wa haruffan DNA na wurin kamun: layin ya tsaya yadda yake. In kina da antibodi, wato furotin da ke gane furotin ɗinki ya kama shi, ki sa, layin ya ƙara hawa sama. Ranar da ukun nan suka fito miki a jel guda, ki yi barci da daɗi.

Ni wata guda cur na yi ina samun shafe-shafe kamar an goga gawayi, babu layi ko ɗaya. Ashe zafi ne. A watan Afrilu nake aikin, jel yana ɗumi, furotin yana sakin DNA a hanya. Da na rage ƙarfin wuta, na sanyaya 0.5x TBE (ruwan da jel yake ciki), na tura tankin cikin firij, sai layuka suka fito tsaf. Alamar da za ki sa wa DNA kuwa, ki nemi biotin, sinadari marar rediyeshon. P-32, alama mai rediyeshon, ya fi kaifi, amma duk kwana 14 rabinsa ya tafi, ga takardun izini.

ChIP shi cikin tantanin halitta mai rai yake leƙawa. Ana ɗaure furotin da DNA da formaldehyde kashi 1 cikin 100 na kamar minti 10, a tsayar da glycine, a farfasa DNA da ƙarar sauti zuwa haruffa 200 zuwa 500, a janyo furotin da antibodi, a auna yawan DNA da ya biyo shi da qPCR. Rayuwarsa duka a hannun antibodi take. Na taɓa sayen wanda ya yi kyau a gwajin gano furotin na Western, a ChIP kuwa bai fi IgG na banza (antibodin da ake kwatantawa da shi) janyo komai ba. Wata uku da kuɗi suka tafi. Kuma ko ya yi, bai nuna furotin ɗin da kansa ya taɓa DNA ba, mai yiwuwa a bayan wani furotin yake goye.

Akwai CUT&RUN na masana Skene da Henikoff, 2017, wata hanya mai kama da ChIP, mai buƙatar tantani kaɗan, amma shi ma antibodin ne. Wasu hanyoyin, SPR da ITC, ƙarfin kamu suke aunawa, kuma ITC cin furotin gare shi. In ainihin haruffan da aka zauna a kai kike nema, wannan aikin gwajin sawun DNase ne, inda DNase ke yanka DNA ya bar wurin da furotin ya rufe.

Da ni ce ke, EMSA zan fara, in ajiye ChIP sai na ga an taɓa gwada antibodin a ChIP ɗin kansa. Amma gaya mini, tsarkakakken furotin gare ki ko ruwan da aka tatso daga cibiyar tantani? Yawan poly(dI-dC) da za ki zuba a kan wannan ya rataya.