Amsa ga Auwalu kan kamfanin da ya ce sai ya biya kuɗin fom

Assalamu alaikum jama'ar gida. Auwalu ƙanina, na saurari muryarka. Ka ce wani kamfani zai ɗauke ka aikin rubuta sautin Hausa daga gida, amma sai ka fara tura dubu goma kuɗin fom da lambar BVN. To don Allah kar ka tura ko sisi. Mai neman ma'aikaci shi ke biya, ba shi ake biya ba. BVN kuma me zai yi da ita tun ba ku ƙulla komai ba? In lokacin biya ya yi, lambar asusu ta wadatar. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, kana da damar tambayarsu me za su yi da bayananka.

Ni tun daga sanarwa nake gane mai gaskiya. Zai faɗi nawa ne, naira ko dala, a kan awa ko a kan aiki, ta banki ko ta Payoneer, wato manhajar karɓar kuɗi daga ƙasashen waje. Wanda ya ɓoye farashi har sai ka gama gwaji, so yake ya fara jin daga ina kake. Da ka ce ƙauye a Jigawa, sai ya yanka maka ƙasa da na Legas, alhali aikin ɗaya ne. Wannan yana ci min rai ƙwarai.

Gwajin ma ku lura. Na minti goma ko ashirin ba laifi. Amma a ba ka sautin awa guda, a ba wani nasa daban, kowa ya rubuta ya tura, sannan shiru? Ai aikin ne kuka yi musu kyauta.

Sai maganar ganawar ɗaukar aiki da ake yi ta Zoom, manhajar kiran bidiyo. Mu nan gefen Ringim ka san yadda ake yi: ka kai waya caji wurin mai sola tun safe, ka sayi data, ka tafi bayan firamare inda sabis ke kamawa, ana tsakiyar Zoom ya ɗauke. Kamfanin kirki zai sake sa maka lokaci ko ya yarda a yi da murya kawai. Wasu kuwa sai su rubuta ba ka halarta ba, ko dalili ba za su turo ba. Saboda haka tun kafin ranar ka rubuta musu halin sabis ɗinku, ka ajiye amsarsu.

Turo min hoton sanarwar da imel ɗin da suka aiko, in ga ko na kamfani ne ko Gmail ne kawai. Zan duba bayan la'asar in Allah ya yarda.