Dogon jawabi da zancen zuci ba ɗaya ba ne

Malam, ka tambaya ko dogon jawabi da zancen zuci abu guda ne a wasan kwaikwayo. A'a, bambancin yana ga mai saurare. A dogon jawabi, ɗan wasa na magana ne da waɗanda ke kan dandamali tare da shi, don haka yana iya shirga musu ƙarya. A zancen zuci kuwa shi kaɗai ne, yana amayar da cikinsa, 'yan kallo kawai ke ji. Akwai kuma raɗa: ya juyo ga 'yan kallo ya jefa kalma biyu, abokan wasa su yi kunnen uwar shegu.

Sai dai raɗar nan ba ta son tsawo. Na taɓa barin wani yaro ya ja ta, sauran suka tsaya cirko-cirko suna kallon ƙasa, har 'yan kallo suka fashe da dariya a wurin da ake son kuka.