Tambaya da Amsa: Na ci bak, aikin lafiya nake so, wane fanni zan ɗauka?

TAMBAYA: Salamu alaikum Tanti. Ni ɗiyarki ce daga Garin Malam nan Damagaram, bana na samu bak seri D alhamdulillahi. Tun ina ƙarama aikin asibiti nake so amma yanzu kaina ya ɗaure, baba ya ce sai karatun likita ko ba komi, inna ta ce in yi sajfam, wato ungozomar asibiti, in gama da wuri saboda maganar aure, ga wani yayana kuma ya gani a intanet wai sai an fara yin lisans na biyoloji kafin a shiga karatun likita. Dan Allah wanne zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata, barka da arziki, Allah ya sa albarka a wannan bak.

Bari in fara da ta yayanki dan ita ce mai iya ci miki shekaru a banza. Abin da ya karanta tsarin Amurka ne, can sai mutum ya gama digirin farko na shekara 4 kana ya nemi makarantar likitoci. Mu nan Nijar ba haka ba ne, daga bak kai tsaye ake neman fakilte ta ilimin lafiya, wato FSS, kuma akwai ta a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, akwai a Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, ga ta nan gida a jami'ar André Salifou. Lisans na biyoloji karatu ne mai kyau, yana kai mutum koyarwa ko bincike, amma ba ya mai da kowa likita, kar ki shiga can da niyyar wai daga baya za ki tsallako.

Yanzu ta baba. Karatun likita ba ya kasa shekara 7, kuma shekarun farko ba farar riga ba ce, fizik ne da shimi da haddar sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi da Faransanci, ga yara da yawa da suka ci bak da maki mai kyau amma nan suke tuntuɓe dan ba wanda zai bi ki da bulala kamar a lise, ke ce za ki kama kanki. Daga baya istaj, wato koyon aiki a asibiti, kwanan gadi, tezi, wato littafin binciken kammala karatu, a ƙarshe, in kuma kina son ƙwarewa a ciwon yara ko na mata sai ki ƙara wasu shekarun. To ki duba takardar makinki tsakaninki da Allah, in SVT da fizik-shimi da lissafi suna tsaye kuma gida za su iya jiran ki duk wannan lokaci, bisimilla ki nema, ko ni ina son in ga likitoci mata sun yawaita a Damagaram, mata da yawa na ɓoye ciwo sai ya yi tsanani kawai dan kunyar namiji ya duba su.

Amma wallahi ba na son wannan maganar ta "likita ko ba komi". Ki je CSI, wato ƙaramin asibiti, na wani ƙauye a Magaria ko Tanout ki gani wa ke riƙe da wurin, galibi majo ne, wato infirmiye shugaban wurin, shi zai duba yaro mai masassara, ya huda yatsa ya yi gwajin maleriya, ya rubuta magani, ya cika rajista, in dare ya yi a buga masa ƙofa. Sajfam kuma ita ce ke awon ciki, ita ce za ta gane haihuwar da ta gagara tun da sauran lokaci ta ce a kira ambilans zuwa birni. Tun da gwamnati ta mai da tiyatar haihuwa kyauta a 2005, da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 a 2006, waɗannan mutane ne layin ya fi tsawo a ƙofarsu. Karatunsu lisans ne na shekara 3, ga ENSP, makarantar gwamnati ta horar da ma'aikatan lafiya, nan cikin gari, akwai da makarantun kuɗi. Sai dai ki gaya wa inna cikin ladabi, gajartar karatu ba ta isa dalili ba, haihuwa ba ta san ƙarfe nawa ba, mai aure ma gadi za ta kwana.

Akwai kuma waɗanda ba a cika ambato ba, labo ga mai son madubin ƙwayoyin cuta ba hayaniya, fannin abinci mai gina jiki wanda jiharmu ke matuƙar buƙata saboda tamowa, da farmasi, ita ma doguwa ce.

Abin da zan ce ki yi kafin ki cika kowace takarda, ki nemi wata 'yar uwa ko maƙwabciya da ke aiki a matanite ko babban asibiti, ki roƙa a nemar miki izini ki wuni tare da ita ko da sau biyu ne, musamman da damina, lokacin da ɗakin yara ke cika maƙil. Ki ji warin wurin, ki ga jini, ki ga uwa na kuka a bakin gado. Wasu nan suke gane ba za su iya ba, wasu kuma nan zuciyarsu ke tsayawa. Wanne aiki kika ga kina leƙe ba ki gajiya? Shi za ki sa a zaɓi na farko.

In makarantar kuɗi ce ta kama, kar ki biya ko dala sai kin tabbatar gwamnati ta san da ita kuma diplom ɗinta na ƙasa ne, wato diplôme d'État, ki tambayi a wane asibiti ɗalibansu ke istaj. Ki kuma haɗa takardun neman burs na ANAB, hukumar ba da burs ta ƙasa, da wuri, a yi legalize na takardar haihuwa da ta ɗan ƙasa da ta makin bak tun kafin layi ya yi tsawo a meri.