Hukuncin Ɗan Haya da Rima da Funfuna Suka Cinye Masa Ɗaki

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin firamare ne da aka turo wani ƙauye a ƙaramar hukumar Auyo. Da rani na kama hayar ɗaki biyu, na biya kuɗin shekara. Damina na sauka rima ta taso, bango ya yi baƙi da funfuna, soro yana yoyo, ƙaramar 'yata tari ya ƙi barinta. Mai gida ya ce haka gidajen garin suke. Ya halatta in gyara in cire a kuɗin haya? Kuma ina matsayin sallata a ɗakin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba yarinya lafiya.

Sallarka ta inganta. Funfuna ƙazanta ce, amma ba najasa ba ce, kuma asalin abubuwa tsarki. Sai fa idan ka tabbatar danshin daga masai yake tsattsafowa, to sai ka wanke wurin da ruwa mai tsarki, ko ka shimfiɗa busasshiyar tabarma mai kauri.

Batun haya shi ne mai buƙatar natsuwa. Abin da ka saya da kuɗinka amfanin ɗakin ne, wato zama a cikinsa ba tare da cutuwa ba. Shehu Halil a cikin Mukhtasar ya ce idan aibi mai cutarwa ya sami gidan haya, ɗan haya yana da zaɓi, kuma misalin da ya kawo shi ne yoyon rufi. Ko ka warware hayar ka karɓi kuɗin watannin da suka rage, ko ka zauna. Amma in ka zauna, cikakken kuɗin haya yana kanka. A mashhurin zancen mazhabar Malikiyya ba a tilasta mai gida ya yi gyara, ko da yake wasu malamanmu sun ce a tilasta shi. Ni zancen nan na biyu ya fi kwanta mini a irin halinka, domin a ƙauye cikin watan Agusta ina mai iyali zai sami wani ɗakin? Zaɓin da babu inda za a koma, sunansa kawai zaɓi. Manzon Allah (SAW) ya ce: "Babu cuta, babu cutarwa," kamar yadda Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa. Sai dai tilastawa aikin alƙali ne, ba naka ba.

Don haka kada ka sayi siminti da kwano bisa gaban kanka, sannan ka ce za ka cire. Wanda ya gyara gidan wani ba da izininsa ba, malamai suna ɗaukarsa mai sa kai, ba shi da ikon bin mai gida bashin aikin. Hanyar da ta halatta ita ce ku yi yarjejeniya cewa za a yi yaɓe, a gyara indararo, a lissafa daga kuɗin haya. Ku kira magini ya faɗi kuɗin aikin, a rubuta, mutum biyu su shaida. In ya ƙi, ka kai wa mai unguwa ko dagaci, in abin ya gagara sai kotun shari'a.

Ina da magana da masu gidaje. Ƙasar da ke bakin kogin Haɗeja ruwa yana kusa, kowa ya san rima takan taso. Wanda ya san ɗakinsa haka yake, ya shafe bango da farar ƙasa da rani, ya ba baƙo haya bai faɗa masa ba, ya yi algus. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ce: "Wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu." Cewa haka gidajen garin suke ba ta wanke shi, tunda baƙo bai san garin ba.

Kai ma gidan amana ne a hannunka. Idan iyalinka ke zubar da ruwan wanke-wanke a gindin bango, ko kuka bar rariya ta toshe, wannan ɓarnar taku ce.

Kafin a daidaita, ka fitar da yarinya daga ɗakin da ya fi baƙi, ka kai ta asibiti, domin funfuna tana tayar da asma da tari. A riƙa buɗe taga, a ɗaga katifa daga ƙasa, a shanya shimfiɗa duk ranar da rana ta fito. A goge bango da bilic da aka surka da ruwa, ƙofa a buɗe, kada a gauraya shi da wani maganin. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna a ɗakin kuwa a zubar da ita, tana cutar da hanta, kuma bai halatta ka kai ta kasuwa ka ɓoye aibinta ba.

Wallahu a'alam.