Kada ki tsallake Banza Bakwai, amma kada ki shiga yadda na shiga

Malama, sai da na karanta tambayarki sau biyu kafin in iya amsawa, don abin da kike tsoro ni ya riga ya same ni. Kin ce an ba ki tarihi a aji ɗaya na ƙaramar sakandare, mako mai zuwa Bayajida ne, ajinki kuma ga Hausawa ga Fulani ga Nufawa ga Gwarawa ga Yarbawa, kina tambaya ko ki tsallake Banza Bakwai ki huta, tunda yaran ma kullum da abin da suke kwasowa a TikTok. Kada ki tsallake. Idan ba ki faɗa ba wani zai faɗa musu a waya, kuma shi ba ruwansa da wanda zai yi kuka.

Ni a wata makarantar kuɗi nake a jihar Neja lokacin. Soshiyal na karanta, kamar yawancinmu a nan. Kin dai san yadda aka cire tarihi daga manhaja wajen 2009, da aka tashi dawo da shi kuma ba a dawo da malamansa ba, sai aka dubi wanda ya fi kusa aka ɗora masa. Aka miƙo mini jadawali da wani siririn littafi, na kwafe abin da ke ciki tsaf, shugaban makaranta ya sa hannu da jan biro ranar Litinin. Ki riƙe wannan jan biron, zan dawo kansa.

Ranar Laraba na shiga aji da ƙwarin gwiwata. Na ba su labarin rijiyar Kusugu da macijiya da Daurama, yara suka yi tsit, har ina jin daɗin kaina. Sai na raba allo biyu. Dama na rubuta Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano, Biram. Hagu na rubuta BANZA BAKWAI da manyan baƙaƙe, har na ja layi a ƙasa, na jero Zamfara, Kebbi, Yawuri, Nupe, Kwararrafa, Yarbawa, Gwari. Na ƙara da cewa waɗannan zuriyar ƙwarƙwara ce, Bagwariya. Wallahi ban gama rufe baki ba wani yaro a baya ya tuntsire da dariya, aji ya ɗauka.

Akwai wata yarinya a layi na biyu kusa da taga. Ita ke ɗauko mini alli, rubutunta kamar na inji. Ba ta yi kuka a gabana ba, kai kawai ta sunkuyar. Da aka fita tara ashe zagaye ta suka yi suna tafi suna “banza, banza, 'yar ƙwarƙwara”. Ni ina ofishin malamai ina cin ƙosai, ban san wainar da ake toyawa ba. Sai da yamma ina duba littattafansu na buɗe nata. Ta rubuta shida, ta sa lamba bakwai, ta bar wurin fili. Na daɗe zaune da littafin nan a cinyata. Har yau idan na ɗaga alli zan raba allo biyu sai gabana ya faɗi.

Washegari babanta ya zo. Dattijo ne mai nutsuwa, bai ɗaga murya ba, Hausarsa ma ta fi tawa. Ya ce, “Malama, ke kika yanke cewa mu banza ne, ko a littafi kika gani?” Da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ina neman abin faɗa sai shugaban makaranta ya karɓe zancen. Mutumin da ya sa hannu a shirin darasin nan da jan bironsa, ya dubi tsabar idona ya ce shi bai taɓa ganinsa ba, wai illar ɗaukar malamai marasa ƙwarewa ke nan, wai ƙabilanci ne na taho da shi daga gidanmu. Daga gidanmu fa, Malama! A gaban baƙo, ga masinja a tsaye, ƙofa a buɗe yara na leƙe. Na ce ranka ya daɗe ga littafin, ya ce in rufe masa baki. Ya ba ni takardar tuhuma, ya yanke mini dubu biyar a albashin da ko kuɗin mota ba ya isa, ya sa na rubuta takardar ban haƙuri har sau biyu don ta farko wai ba ta nuna nadama ba. Littafin kuwa da makarantar ta sayar wa iyaye da tsada, ba wanda ya taɓa shi, yana nan ana amfani da shi har na bar wurin. Laifina na sani, ban musa ba. Amma wannan mutumin ni da shi sai a gaban Allah. Ko yanzu da nake rubutu hannuna rawa yake.

To. Abin da na gano daga baya, bayan wani kawuna tsohon malami ya zaunar da ni ya wanke ni tas, shi ne na koyar da labari kamar lissafi. Labarin Bayajida ba kala ɗaya ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri da ya rubuta a 1812, Bawo, wanda a labarin da aka saba ɗan Bayajida ne, bawan Sarkin Barno ya kira shi, ya kuma ware Gobirawa daban. Jerin bakwai ɗin na biyu shi ma ba a tsaye yake ba, wani wurin za ki ga Borgu da Gurma a ciki. Ki kawo wa yara riwaya biyu ki ce su nemo inda suka saɓa. Sai ki tambaye su: wa ke ba da wannan labarin, a fadar wa, kuma wa ya amfana? Yaro ɗan shekara goma sha biyu yana gane wannan sarai, ai ya san idan an yi faɗa a gida labarin yayansa daban nasa daban.

Kuma ki tambaye su, Zamfarawa da Kabawa wane yare suke yi? Za su ce Hausa. To me ya kai su layin hagu? Nan za ki ga goshi ya tattare, an fara tunani. Kafin ki rubuta kalmar nan a allo ki fara ba su Kanta na Kebbi da birninsa Surame, mutumin da ya tsaya wa Songhai da Barno a ƙarni na 16. Ki ba su Kwararrafa da suka kai yaƙi har cikin Kano a ƙarni na 17. Ki ba su maƙeran tagulla da masu tsakiyar gilashi na Bida. Ni yanzu naira ashirin nake cirowa daga jaka in juya bayanta in ce wace ce wannan? Ladi Kwali, maginiyar tukwane, 'yar ƙabilar da aka yi wa dariya a ajina, tana aljihun kowa a ƙasar nan. Sai kalmar ta zo a ƙarshe, bayan yaran sun riga sun san mutanen.

Af, kuma ki tambayi yaran Gwarawa yadda suke kiran kansu. Gbagyi suke cewa. Ni har na girma ban taɓa tsayawa na yi tunanin daga ina muka samo “gwaranci” ba, alhali kullum muna faɗa wa jarirai. Ki ja yaran gefe tun ranar Litinin, ki ce musu ga abin da ke zuwa, ga abin da ke ranki a kansa. Kada kuma ki tsayar da yaro ki ce ya yi magana da yawun ƙabilarsa gaba ɗaya, na gwada, kunya kawai na ƙara masa.

Maganar TikTok kuwa, kada ki ce musu ƙarya ne, ba za su yarda ba, wayar ta fi ki farin jini. Wani yaro ya taɓa kawo mini hoto a wayar yayansa wai Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, da rawani da gemu, ya rantse a gidansu ma an rataye. Na ce to. Na rubuta 1817 a allo, shekarar da Shehu ya rasu. Na rubuta 1839, shekarar da aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a Faransa. Na ce su ɗebe. Shekara 22. Shi da kansa ya ce, “To Malama wa aka ɗauka?” Daga ranar duk abin da aka kawo sai aji ya tambaya wa ya fara sakawa, yaushe, shi a ina ya ji. Har ni suke tsarewa yanzu, wani lokacin har ya ishe ni.

Ki kuma shirya wa darasin jihadin 1804, wannan ya fi Bayajida zafi yanzu saboda abin da ake ta yi a Facebook na Hausa da Fulani. Yara za su zo miki da kalaman manya. Ki tanadi Malam Abdussalami na Gimbana, Ba'are ne kuma almajirin Shehu, da Yakubun Bauchi wanda aka ba tuta alhali ba Bafulatani ba ne. Layi biyun da suke so su ja ba ya jawuwa. Wannan dai kin ga ba shi kika tambaya ba.

Abu ɗaya da zan roƙe ki: idan shugabanku ya sa hannu a shirin darasinki, ki ɗauki hoton shafin da wayarki, da kwanan wata a jiki. Ki nuna masa layin Banza Bakwai da yatsa ki ce ranka ya daɗe ka ga wannan? A gaban wani malamin, ba ku biyu ba.

Yarinyar nan na same ta na ba ta haƙuri, ta ce ba komai Malama, amma ba ta sake ɗauko mini alli ba. Ƙarshen zangon babanta ya canza mata makaranta. Darasin naira ashirin ɗin nan na yi shi ga azuzuwa huɗu zuwa yanzu, ita ba ta taɓa jin sa ba.