Zanen Mongoliya na Zamani: Shin Kwaikwayon Dali Ne Kawai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a fannin zane-zane. Na zaɓi yin bincikena kan masu zanen Mongoliya na yau, masu haɗa jikin mutum da na tsuntsu ko doki a hoto guda. Malamin da ke duba aikina ya ce suriyalizim ne na aro, wato salon zana abubuwa kamar a mafarki, kwaikwayon mai zanen Sifen Salvador Dali, babu abin nazari a ciki. Saura 'yan watanni in miƙa aikin, hankalina ya tashi. In sauya batu ne?

AMSA: Wa alaikumus salam. 'Yata, kwantar da hankalinki, kada ki sauya. Batunki yana da nama. Maganar da aka faɗa miki ce ba ta da tushe, kuma na gaji da jin ta.

Kullum sai na ci karo da wannan ra'ayi: da zarar an ga mace da fukafukai ko doki yana shawagi a sama, sai a ce Dali. Marubucin Faransa André Breton ya fitar da sanarwar suriyalizim a Faris a 1924. Tun kafin nan mai zanen Mongoliya Marzan Sharav, wanda ya rasu a 1939, ya zana "Rana Guda a Mongoliya", wanda yanzu yake gidan tarihin Zanabazar a Ulan Bator, babban birnin ƙasar. Ki buɗe hoton ki ƙura masa ido. Nesa da kusa duk girmansu ɗaya, kamar daga sama ake leƙen ƙasar. Nan ana haihuwa, can ana biki, gefe ana aikin ulu, ga gawa an ajiye a fili, duk a lokaci guda. Wannan salo shi ake kira Mongol zurag, kuma jijiyarsa tana cikin zanen addinin Buddha. To wa Sharav ya kwaikwaya a Faransa?

Sannan a zamanin gurguzu hukuma ce ke faɗa wa mai zane abin da zai zana. A 1968 an rufe wani baje kolin matasa a Ulan Bator don sun kauce wa layin jam'iyya. Sai bayan sauyin 1990 ƙofa ta buɗe. Gaskiya ne masu zanen yau sun ga aikin Turawa, wasu ma a waje suka yi karatu, kamar Munkhtsetseg Jalkhaajav, da ake kira Mugi, wadda ta yi karatu a Minsk, babban birnin Belarus. Amma ganin abu daban, rayuwa a kansa daban. Matan da take zanawa tare da tsuntsaye sun fito ne daga maganin gargajiyar ƙasarsu, inda ake neman waraka a jikin dabba da tsuntsu. Ita ta wakilci Mongoliya a babban baje kolin zane-zane na duniya da aka yi a Venice ta Italiya a 2022.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne illar wannan lakabi. Idan aka ce mafarki ne, an sallami mai kallo daga tambayar me ke faruwa a ƙasar. Dillalan intanet kuwa sun samu abin da suke so: suna tallar hotunan a matsayin aljannar makiyaya, mutum da dabba cikin lumana. Alhali makiyayin Mongoliya yana da kalmar da ke hana shi barci, zud: hunturun da ƙanƙara ke rufe ciyawa bayan bazarar fari, dabba ta rasa abin ci. Na 2009 zuwa 2010 ya kashe dabbobi fiye da miliyan 8, na 2023 zuwa 2024 fiye da miliyan 7. Duk wanda ya taɓa ganin Bafillacen da garkensa ya ƙare ya san ba dukiya kaɗai ya rasa ba. Waɗannan mutane su ke tattara tantinsu na ger su kafa a bayan Ulan Bator, birnin da ya haɗiye kusan rabin al'ummar ƙasar, inda hayaƙin kwal ke shaƙe yara kowane hunturu. Lokacin da Nomin Bold, mai zanen da ta halarci babban baje kolin zane-zane na duniya, documenta ta 14, a 2017, ta zana birnin a cunkushe kamar tarkon da babu mafita, da siffofin addininsu a tsakiya, abin da take gani daga tagarta ta zana. Malamin da ya kira wannan aro ya koya wa ɗalibansa raina duk wanda ba Bature ba, kuma gobe namu masu zanen za su sha irin wannan hukunci.

Yanzu ga abin yi. Kada ki je masa da musu. Ki buga hoton Sharav, da ɗaya na Nomin Bold, da ɗaya na Dali, ki jera su a kan teburinsa. Ki nuna masa yadda Dali yake riƙe da inuwa da nisa irin na Turai, su kuwa biyun sun shimfiɗa komai a fili ɗaya. Kalmar suriyalizim ki bar ta a babi na farko, ki yi bayanin iyakarta, sannan ki gina sauran aikin kan Mongol zurag da zud. Idan kina son ta uku cikin masu zanen yau, bayan Mugi da Nomin Bold, ki duba Uuriintuya Dagvasambuu. Allah ya ba da sa'a.